Faɗin bututu tsakanin tankin kifi na sama da na ƙasa: ta ina ake fara lissafi?

Duk wanda ya taɓa renon 'ya'yan tarwaɗa a roba, ko ya ajiye kifin ado a akwatin gilashi, ya san babu aikin da ya kai canjin ruwa cin rai. A ƙauyen da sai an tayar da injin rijiyar burtsatse, ko an jira mai kura ya kawo jarkoki, zubar da ruwa kullum ba ƙaramar asara ba ce. Shi ya sa wasu masu kiwo suke komawa tsarin tanki biyu. Na sama shi ne gidan kifi. Na ƙasa, wanda ake ɓoyewa ƙarƙashin teburi ko a ɗan rami a gefe, shi ne wurin wanke ruwa. Ruwa ya tumbatsa daga sama ya gangaro ta bututu, ya ratsa soso ya bar kashin kifi da ragowar abinci, ya bi ta cikin tsakuwa ko gutsattsarin roba inda ƙwayoyin bakteriya ke mayar da amoniya, wadda guba ce ga kifi, zuwa abin da bai kai ta illa ba. A ɗaki na ƙarshe akwai ƙaramin famfon lantarki a nutse, shi ke mayar da ruwan sama. Haka yake zagayawa dare da rana.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Inda ake faɗuwa shi ne wajen sayen bututu.

Ga yadda abin kan kasance a shagon kayan famfo, a Ƙofar Ruwa ne ko a kasuwar ƙaramar hukuma. Saurayi ya zo da famfonsa a leda, ya ciro ya nuna bakinsa.

"Alhaji, fayif ɗin da zai shiga nan nake so."

"Wannan ai rabin inci ne. Guda nawa za a ba ka?"

"Biyu. Ɗaya na hawa, ɗaya na sauka."

Alhaji bai yi laifi ba, abin da aka tambaye shi ya bayar. Amma a wannan 'yar maganar an riga an yi kuskure biyu. Na farko, bakin famfo ba shi ke faɗin girman bututun da ya dace ba. Masu ƙera shi sukan matse bakin. Na biyu, wanda ya fi muni, an ɗauka bututun hawa da na sauka aiki ɗaya suke yi. Ruwan da ke bin su dai ɗaya ne, lita nawa ya hau lita nawa zai sauko, amma abin da ke tura shi ya bambanta. Mai hawa famfo ne ke matsa masa. Mai sauka ba mai tura shi sai nauyinsa. In bututun hawa ya yi ƙunci, abin da za a rasa shi ne yawan ruwa da kuɗin wuta. In na sauka ya yi ƙunci, ruwa zai malala tsakar ɗaki. Don haka ni a ganina da bututun sauka ake fara tunani, famfo kuma shi ne ƙarshen abin da ake saya.

Sai dai kafin nan akwai adadi ɗaya da komai ya rataya a kansa: lita nawa ake so su zagaya a awa guda. Masu kifin ado sukan nemi ruwan tankin ya ratsa tankin ƙasa sau 3 zuwa 5 a kowace awa. In kifi ya yi yawa, abinci kuma na shiga da yawa, a ɗauki na sama. Mu yi misali da akwatin gilashi mai tsawon santimita 120, faɗi 55, zurfi 60. Wannan yana cin kusan lita 400. Sau 5 ya zama lita 2,000 a awa. Da wannan adadin za mu yi tafiya har ƙarshe.

Wani abu kuma da ke rikita lissafi tun daga shago shi ne sunan bututu. Abin da ake kira rabin inci, milimita 20 ne daga waje. Kwata uku na inci 25 ne, inci ɗaya 32, inci da kwata 40, inci da rabi 50, inci biyu 63. Ruwa kuwa ba ya bin wajen bututu, cikinsa yake bi, kuma cikin ya danganta da kaurin jikinsa. Koren bututun nan na PPR da ake haɗawa da wuta, mai kauri, na milimita 25 ɗinsa bai kai 17 ba daga ciki. Ka biya kuɗin kwata uku, ka tafi gida da rabin inci. A tafi shago da rula, a auna ramin. A nan zan ɗauki cikin rabin inci a milimita 16, kwata uku 21, inci ɗaya 27, inci da rabi 41, inci biyu 52.

Bututun sauka

Ruwa yana iya sauka a bututu ta hanya biyu, kuma bambancinsu babba ne. A ta farko yana gangarawa a jikin bangon bututun, iska tana tsakiya. A ta biyu ya cika bututun maƙil, babu iska ko kaɗan, sai nauyin ruwan da ke ƙasa ya riƙa janyo na sama. Manoman rani na Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga sun san wannan ta biyun sarai. Lanƙwasasshen bututun nan da suke cikawa da ruwa, su toshe baki da tafin hannu, su tsallakar da shi kan gaɓar kwata, yana ta zuba a fage ba inji ba mai. Amma da iska ta shiga, ya tsaya cak. Saifon ke nan, kuma shi ne dai a cikin tankin kifi.

Mu fara da ta farko, don ita ce abin dogaro. Wani masani ɗan Italiya, Evangelista Torricelli, mataimakin Galileo, ya nuna a shekarun 1640 cewa gudun ruwan da ke fita ta rami ya dogara ne da tsayin ruwan da ke bisa ramin, kuma ba ya ƙaruwa daidai da tsayin: sai tsayi ya ninka sau 4 kafin gudu ya ninka sau 2. A tankin kifi tsayin nan ɗan kaɗan ne, don ba a da wurin da ruwa zai taru bisa bakin bututu. A ce santimita 5 ne. Da wannan tsayin ruwa yana shiga da gudun kusan mita 1 a daƙiƙa, kuma saboda yana matsewa a bakin shiga, kamar kashi 60 cikin 100 na faɗin ramin kawai yake amfani da shi. In aka buga lissafin, inci ɗaya zai haɗiye kimanin lita 1,200 a awa. Inci da rabi kimanin 2,800. Inci biyu kimanin 4,500. Rabin incin da saurayinmu ya saya kuwa bai kai 450 ba.

A lura da tazarar da ke tsakanin inci ɗaya da inci biyu. Ba ninki biyu ba ne, kusan ninki huɗu ne, saboda filin da ke cikin da'ira yana ƙaruwa ne da faɗi sau faɗi. Ido yana ruɗin mutum a nan. Bututu biyu na inci ɗaya ba su kai guda ɗaya na inci biyu ba, rabinsa ne.

To ga lita 2,000 ɗinmu, inci ɗaya ya gaza, inci da rabi ya ɗauka har da rara. Amsar ke nan a taƙaice. Amma wani zai ce shi ya ga tankin da bututun inci ɗaya ke saukar da fiye da haka, kuma gaskiya ya faɗa. In ruwa ya taru ya rufe bakin bututun har iska ta kasa shiga, saifon ya kama. Daga nan tsayin da ke aiki ba santimita 5 ba ne kuma, dukan faɗuwar ce daga saman tanki zuwa tankin ƙasa, mita 1 da ɗoriya. Inci ɗayan nan da ke fama da 1,200 sai ga shi yana zuƙar fiye da lita 4,000 a awa.

Matsalar ita ce famfo 2,000 kawai yake kawowa. Saifon ya zuƙe ruwan da ya taru cikin 'yan daƙiƙu, baki ya buɗe, iska ta shiga da wani irin gurnani, saifon ya karye. Ruwa ya sake taruwa, ya sake kamawa. Wanda ya kwana ɗaki ɗaya da irin wannan tankin ya san ƙarar: shiru na ɗan lokaci, ruwa na hawa a hankali har gaf da baki, sai ƙwarrr, sai kumfa ta turnuƙe a tankin ƙasa. Mutane sukan ɗauka famfo ne ya lalace. Lafiyarsa lau. Bututun ne ya yi wa hanya ta farko kaɗan, ya yi wa ta biyu yawa. Kuma kowane hawa da ruwan ke yi caca ce, don ranar da ganye ko matacciyar tarwaɗa ta tare rabin bakin, saifon zai makara.

Masu kifin ado a Amurka sun daɗe suna kokawa da wannan, har dabarunsu suka samu sunaye. Akwai wadda ake kira Durso: bututu ɗaya a tsaye, bakinsa ya lanƙwaso ƙasa cikin ruwa, an huda ƙaramin rami a murfin samansa don iska ta riƙa shiga daidai gwargwado. Tana aiki shiru muddin ruwan bai yi wa bututun yawa ba. Akwai Herbie, mai bututu biyu: ɗaya an bar shi ya zama cikakken saifon, an sa masa bawul, wato makullin ruwa, a ƙasa ana matsewa a hankali har abin da yake zuƙa ya yi daidai da abin da famfo ke kawowa, na biyu kuma yana tsaye sama da shi kaɗan, kusan a bushe, yana jiran ranar tsiya. Sai Bean Animal mai bututu uku: saifon, da mai ɗaukar 'yar rarar da ta saura, da na gaggawa.

Wanda ke ƙauye, kayan gyara na nesa da shi, wutar kuma tana zuwa tana tafiya, ni shawarata gare shi bututu biyu ne, kowanne inci da rabi, ko da ba zai yi wasan saifon ba. Ɗaya na aiki, ɗaya na jira. Sharaɗin na jiran guda ne: ya iya ɗaukar duk abin da famfo ke kawowa shi kaɗai, kuma kada a sa masa bawul, kada a sa masa raga mai ƙananan ido. Ban yarda da bawul a kan bututun sauka ba matuƙar shi kaɗai ne. Ramin da aka matse shi ne wurin da katantanwa za ta maƙale.

In za a yi saifon da gangan, to nan kam inci ɗaya ya isa lita 2,000, har ma ya fi babba sauƙin saitawa, don babban bututu yana wahalar korar iskar da ke cikinsa in ruwan bai da yawa. Bawul mai juyawa kamar sitiyari ya fi mai hannu ɗaya daɗin saiti, saboda ana matsa shi kaɗan-kaɗan. Bakin bututun na ƙasa ya nutse a ruwan tankin ƙasa da santimita 2 ko 3 kawai. In ya nutse da yawa, iska ba za ta fita ba idan wuta ta dawo, saifon ya ƙi kamawa. Kuma a guji shimfiɗa bututun sauka a kwance. In dole ne ya yi gefe, a ba shi gangare.

Huda tankin ma yana da nasa. Konektar da ake ɗaurawa a jikin tanki ta fi bututun faɗi, ta inci ɗaya tana neman rami kusan milimita 45, saboda haka a sayo ta tukuna a auna kafin a huda. A gilashi kada ramin ya matso gefe fiye da faɗin shi ramin. Gilashin da aka gasa don ƙarfi, irin na gefen mota, ba ya huduwa, wargajewa yake yi.

Bututun hawa

A kwalin famfo akwai lambobi biyu. Ɗaya ta ce, misali, lita 4,000 a awa. Ɗayar ta ce mita 3.5. Mai saye yakan karanta su tare, ya ɗauka famfon zai kai lita 4,000 sama mita uku da rabi. Ba haka ba ne. Lita 4,000 ɗin a kwance ne, ba hawa ba bututu. A mita 3.5 kuwa ko ɗigo ba zai fito ba. Abin da za ka samu yana tsakani, kuma famfon kirki yakan zo da zane a kwali ko a takarda mai nuna lita nawa yake bayarwa a kowane tsayi.

Tsayin da famfo ke ji kashi biyu ne. Akwai na zahiri, wanda ake aunawa da tef daga fuskar ruwan tankin ƙasa zuwa inda ruwan ke fita a sama. Daga fuskar ruwa, ba daga gindin famfo ba. A misalinmu mu ce mita 1.3. Sai kuma na ɓoye, wato gogayyar ruwa da bangon bututu da kwanoni, wanda famfo ke jin sa tamkar an ƙara masa hawa. Injiniyoyi biyu 'yan Amurka, Allen Hazen da Gardner Williams, sun fitar da ƙa'idar lissafa shi a farkon ƙarni na 20, kuma har yau masu aikin ruwa suna amfani da ita. Abin da ya fi muhimmanci a cikinta shi ne yadda take hukunta ƙuncin bututu: in aka rage faɗi da rabi, ruwan kuma bai ragu ba, gogayya tana ninkawa kusan sau 29.

Da lita 2,000 a awa a bututun roba mai santsi, kowace mita ɗaya ta rabin inci tana cin tsayin kusan santimita 50. Ta kwata uku tana cin 14. Ta inci ɗaya tana cin 4. Kowace gwiwa, wato mahaɗin da bututu ke yin kwana da shi, in mai cikakkiyar kwana ce, daidai take da ƙarin bututu mai tsawon faɗinsa sau 30, wato kusan santimita 80 a inci ɗaya. Mai rabin kwana tana cin kusan rabin haka. Bawul mai hannu ɗaya in yana buɗe gaba ɗaya kusan ba ya cin komai. Amma makullin tagulla irin na famfon gida, wanda ruwa ke yin kwana biyu a cikinsa, yana cin abin da gwiwa goma ba su ci ba ko a buɗe yake. Ba shi da wuri a wannan aikin.

Yanzu a haɗa. Bututu mita 2, gwiwa 4, hawa mita 1.3. Don a tura lita 2,000 ta rabin inci, famfo zai ji kamar yana hawa mita 3.3. Ta kwata uku mita 1.9. Ta inci ɗaya mita 1.5. In muka ɗauki famfon can mai 4,000 da 3.5, muka ƙaddara ƙarfinsa yana raguwa a miƙe daga wannan lambar zuwa waccan, rabin inci zai ba da kusan lita 1,400 a awa, kwata uku kusan 1,900, inci ɗaya kusan 2,200, inci da kwata kusan 2,400. Famfo ɗaya, wuta ɗaya. Tsakanin rabin inci da inci ɗaya akwai lita 800 a kowace awa da ake samu da kuɗin 'yar soket mai faɗaɗa baki. Daga inci ɗaya zuwa sama kuma ribar ta fara ƙanƙancewa, ba sai an wahalar da aljihu ba.

Akwai gajeriyar hanya ga wanda ba ya son dogon lissafi: kada gudun ruwa a bututun hawa ya wuce mita 1.5 a daƙiƙa. Lita 2,000 a rabin inci suna gudun mita 2.8, a kwata uku 1.6, a inci ɗaya ƙasa da mita 1 kaɗan. A aikace wannan yakan zo daidai da ƙara mataki ɗaya ko biyu bisa bakin famfo, a faɗaɗa nan take daga bakin, ba can sama ba.

Wannan ya fi shafar mai sola. Famfo mai wat 40 da ke aiki awa 24 yana shan wat-awa 960 a rana, kusan yunit ɗaya, kuma rabinsa daga batir zai fito da dare. Aikin ɗaga lita 2,000 a awa zuwa mita 1.5 kuwa, in aka lissafa shi zalla, wat 8 ne da 'yan kai. Sauran yana tafiya ne a zafi da asarar cikin famfo. Wanda ya matse bututu, ya ga ruwa bai isa ba, ya je ya sayo famfo mafi girma, ya ƙara wa batir kaya ne don ya yaƙi bututun da shi ya sa da hannunsa. Famfon da ke nutse kuma duk zafinsa a cikin ruwan yake ƙarewa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano da Jigawa ke taɓa digiri 40, ruwan ɗumi yana riƙe iskar shaƙa kaɗan, kifi kuma yana buƙatarta da yawa.

In ruwan hawa ya yi yawa, a rage shi da bawul a gaban famfo, ta inda yake fita. Ba a matse famfo ta inda yake sha. In famfon na waje ne, ba mai nutsewa ba, bututun shansa ya zama gajere, miƙaƙƙe, kuma kada ya gaza bakinsa faɗi.

Duk lambobin nan kiyasi ne, jarka ce ke yanke hukunci. A tara jarka mai lita 20 a bakin bututun sauka, a duba agogon waya. A raba 72,000 da yawan daƙiƙun da ta ɗauka kafin ta cika. In ta cika a daƙiƙa 36, lita 2,000 ke nan a awa.

Idan aka ɗauke wuta

A wasu ƙasashe tsayawar famfo lamari ne na shekara-shekara. A nan abin yau da gobe ne, ko mai sola ma yana da daren da batir zai gaza a tsakiyar damina. Saboda haka tsarin da ba zai iya mutuwa ya tashi da kansa ba, ba tare da kowa na tsaye a kansa ba, bai kammala ba.

Da famfo ya tsaya, ruwan da ke bisa bakin bututun sauka zai ci gaba da gangarowa. A tankinmu mai 120 da 55, kowace santimita ɗaya ta zurfi lita 6.6 ce. In ruwan yana santimita 3 bisa baki, lita 20 ke nan, sai a ƙara 'yan litocin da ke cikin bututu. Mita ɗaya ta inci da rabi tana riƙe lita 1.3. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ke kama mutane shi ne bututun hawa. Bakinsa na sama yakan nutse cikin ruwa don kada ya yi ƙara. Famfo na tsayawa, ruwan da ke cikinsa ya juyo ƙasa, bututun ya rikiɗe ya zama saifon, ya riƙa zuƙar tankin sama ta baya har sai bakinsa ya fito fili. In ya nutse da santimita 10, lita 66 ne za su sauko. Tankin ƙasa mai lita 100 da aka cika kashi uku cikin huɗu lita 25 kawai zai iya karɓa. Sauran 41 suna kan daɓe, kusa da soket ɗin wuta.

Maganin ba shi da tsada. Ko dai a bar bakin bututun hawa kusa da fuskar ruwa, santimita 2 zuwa 3, ko a huda masa ƙaramin rami na milimita 3 ko 4 ɗan ƙasa da fuskar ruwa, ta yadda da ruwa ya ja baya kaɗan iska za ta shiga ta karya saifon. Ramin yana toshewa da gansakuka, don haka biyu sun fi ɗaya, kuma a riƙa zura masa tsinke. Akwai bawul mai hana ruwa komawa baya, masu shago kuma za su tallata maka shi. A sa in ana so, amma kada a jingina da shi. Ƙwayar yashi ɗaya daga ruwan burtsatse ta isa ta hana shi rufewa ruf, kuma ɗigon da ba a gani da rana yana cika tanki kafin asuba. Ga shi yana rage ƙarfin famfo.

Akwai kuma haɗarin ta ɗaya gefen. In duk bututun sauka suka toshe, famfo zai kwashe abin da ke ɗakinsa ya kai sama. Shi ya sa ake raba tankin ƙasa da shinge, a sa ɗakin famfo ya zama ƙarami, kada ruwan cikinsa ya fi sararin da ya rage a bakin tankin sama. In sararin santimita 4 ne, lita 26 ke nan. Sai dai ƙaramin ɗaki yana da nasa ciwon: duk ruwan da ya ƙafe a tsarin nan a ɗakin famfo kaɗai ake ganin raguwarsa, don tankin sama kullum a cike yake har bakin bututu. A hunturu, da busasshiyar iskar nan, ruwa yana tashi da sauri, famfo ya fara shan iska, in ba a lura ba ya ƙone. Murfi a kan tankunan biyu yana ragewa, yana kuma tare ƙura. Sauran sai dubawa kowace safiya.

Sai ƙananan abubuwa. Bututun ƙarfe mai farin shafe da kayan tagulla ba su dace ba, don sinadaran da suke saki a ruwan da ke zagayawa wuri ɗaya suna cutar da kifi, musamman 'ya'ya. Mesa mai garai-garai tana yin gansakuka a ciki in haske na samunta, cikinta ya ƙuntata. Farin bututun roba yana gautsi in ya daɗe a rana, a rufe shi ko a shafe shi da fenti. Guntun mesa mai laushi tsakanin famfo da bututu yana kashe rawar da ke sa teburi ruri da dare. A sa mahaɗi mai zare a saman famfo don a iya ciro shi a wanke ba tare da yanka ba, kuma bututun da ke tsaye cikin tankin sama a cusa su kawai kada a sa musu gam, saboda za a buƙaci zare su.

Bayan gam ya kwana ya bushe, an ɗauraye, gwaji ake yi kafin kifi ya shiga. A cika tankin sama har ya fara zuba, a cika na ƙasa har saura kamar santimita 5 ya kai baki, famfo a kashe. Sai a kunna, a jira ruwan ya daidaita, a ja layi da alƙalamin maka a inda ya tsaya a ɗakin famfo. Wannan layin shi ne iyakar ƙarin ruwa, ba a wuce shi ko da tankin ya yi kamar yana da wuri. Sai a zare filogi a tsaya a gani har ɗigo na ƙarshe, a mayar a ga ko komai ya koma yadda yake ba tare da an taɓa bawul ba, a maimaita. Daga nan a toshe bakin bututun aiki da tsumma, famfo na gudu, a bar na jira ya ɗauka shi kaɗai na kwata ɗin awa. In ruwan ya ci gaba da hawa, ko a ƙara faɗin na jiran ko a rage famfo.